Gurasar Shulan

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan La'asar

Zan rubuta abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ƙawata da muke zama benci ɗaya. Idan Kaka ya kira ni da sunan matarsa da ta rasu, amsawa nake yi.

Sunana Ruolan, amma Kaka bai taɓa wahalar da bakinsa da shi ba. Gara yake ce mini, wai duk littafin da ya shigo gidan nan sai na cinye shi. Da bazarar bana ne abin ya fara. Muna kan rufin ɗaki yana watsa wa tattabarunsa hatsi, sai ya waiwayo ya ce, "Shulan, miƙo mini kwanon nan." Shekara uku ke nan da aka binne Shulan. Ranar farko na tsorata, na sauka da gudu. Da ya sake, sai na ji bakina ya ce, "Na'am."

Na so in rubuta cewa ban san dalili ba. Na sani. Muryar ce. A littattafan soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, saurayi yana tsayawa cikin ruwan sama har gari ya waye, ko ya sayi bene sukutum saboda yarinya. Kaka ba ya yin ko ɗaya. Cewa kawai yake yi, "Ƙafarki ba ta yi sanyi ba?" Amma ba a magana da irin wannan muryar a gidanmu. Idan Baba ya kira daga wurin aikinsa, Mama kan ajiye wayar a kan tebur ta ci gaba da yankan albasa.

Mama ba ta sani ba. Tun abin da ya faru a kicin ɗin Kaka, wanda ba zan rubuta ba, bangon ma an shafe shi da farin fenti, Kawu Defu ya ce saura ƙiris. Aka ƙara ko da abu ɗaya, zai ɗauke shi zuwa Yinchuan, gidan kula da tsofaffi da ke kusa da ofishinsa, a sayar da tsohon gidan, tattabaru kuma a ba wa mai so. Mama ta ce barci ne kawai ya ɗauke shi, kowa na iya manta buta a wuta.

Yanzu Kaka ya dage sai ya kai ni Xi'an na ga garin da ya yi samartakarsa. Mama ba za ta iya rufe shagon taliya ba sai farkon wata, sai ta biyo mu. Ta kama kafaɗata ta ce, "Ki sa ido, Ruolan. Duk abin da kika gani ki faɗa mini."

Na ce to.

Talata, 15 ga Yuli, da safe

Kawu ya kira, wai zai kai mu inda za mu hau jirgin ƙasa mai gudun nan, shi zai biya. Kaka ya karɓe wayar.

"Defu, wannan ba tafiya ba ce, jifa ce. A ɗauke ka a nan a wurga ka can. Ni koren jirgi zan hau, in ga ƙasa da idona."

"Baba, bencin nan zai karya maka baya."

"Bayan da ya goya ka har ka yi wayo? Ka bar shi, ya saba da kaya."

Mama ta yi dariya har ta share ido. Yau lafiyarsa lau. Yau ko ni sai na ce ƙarya na rubuta shekaranjiya.

Alhamis, 17 ga Yuli, cikin jirgi, da hantsi

Rubutuna zai karkace, jirgin yana rawa. Mun samu gefen taga. Teburin ɗan ƙarami ne, ga kwalbar shayin Kaka, ga ƙwai da Mama ta dafa, ga gurasa, ga ledar 'ya'yan sunfulawa ta matar da ke fuskantarmu, wadda tun da muka taso daga Guyuan bakinta bai huta ba, ko ɓare su ko tambaya. Aji nawa nake. Me babana yake yi. Me ya sa ba na magana.

Kaka ya ce, "Ki ƙyale ta, Hajiya, gara ce. Ba ta magana, sai dai ki wayi gari ki ga ta cinye miki ƙofa."

Mai turo keken kayan ciye-ciye ya wuce yana ta "A ɗaga ƙafa, a ɗaga ƙafa." Wani soja yana barci a tsaye, jingine da jakarsa. Na ba shi suna a raina, na ba shi budurwa a wani ƙauye, na sa ta saƙa masa safa. Duk taragon warin taliyar nan ta cikin kofin takarda yake, mutane suna layi wurin tukunyar ruwan zafi. Ina son jirgin nan. Ba wanda ya san ni a ciki.

Alhamis ɗin dai, bayan Azahar

Bayan mun wuce Pingliang aka fara shiga ramukan duwatsu. Duhu, haske, duhu, haske. Da muka fito daga wani dogo, na ga fuskarsa ta sauya. Na san alamar yanzu: goshinsa yana saki, kamar an kwance masa wani ƙulli.

Ya ɓare ƙwai, ya raba, ya cinye gwaiduwar ya miƙo mini farin. "Ungo, Shulan. Na cire miki abin da ba kya so."

Ni gwaiduwa nake so. Na cinye farin.

Matar nan ta tsaya da ɓare-ɓarenta. "Ashe Shulan ne sunanki? Kai, sunan tsofaffi! Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

Na ce, "Gado na yi." Na buɗe littafina na rufe fuska da shi. Shafi ɗaya na yi ta kallo har Baoji.

Alhamis, bayan Magariba

Kana fitowa daga tashar Xi'an tsohuwar ganuwar garin ce a gabanka, ba ka ma shirya ba. Kaka ya tsaya ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Gara, kin gani? An yi mata sabbin haƙora." Ya dawo hayyacinsa.

Inna Yuhua, 'yar ƙanwar Kaka Shulan, ita ta tarye mu. Wainar kanya take soyawa a unguwar Musulmi, bayan Hasumiyar Ganga, kuma ɗakin da ke saman rumfarta za mu zauna, ba sai mun kama masauki ba. Muryarta ta fi ta mai shelar jirgi.

"Wannan ce Ruolan? Wayyo, tsinken tsire! Uwarki taliya take sayarwa ko yunwa? Baba, kai kuma ba ka tsufa, wa kake yi wa ajiyar kanka?"

Ɗakin warin mai yake. Ta taga ina ganin kawunan mutane kamar wake a tukunya.

Juma'a, 18 ga Yuli, da yamma

Kaka ya je Babban Masallaci, ni na jira a tsakar gidan farko, ƙarƙashin bishiya, ina kallon rufin katakon da tsuntsaye suka mayar gida. Da aka idar ya ce yau zan ci abincin gaske.

Romon rago da gurasa. Aka ajiye mana kwano biyu babu komai a ciki, da gurasa mai tauri bibbiyu, da ɗan ƙarfe mai lamba. Kai za ka gutsuttsura gurasarka da hannunka, sannan a kai wa mai dahuwa ya dafa ta cikin romo. Na yi sauri na yayyaga tawa. Kaka ya leƙa kwanona ya riƙe baki.

"Wannan tubali za ki gina da shi? Idan mai dahuwa ya ga wannan zai san baƙuwa ce, ya watsa miki ruwan zafi kawai ya miƙo. Kamar ƙwayar wake ake yi. Da farce, ba da ƙarfi ba."

Ya jawo kwanon gabansa. Yana gutsurawa yana ba ni labari, kuma da hankalinsa sarai, don Gara ya yi ta ce mini. Yana ɗan shekara goma sha tara yana ɗaukar kwanuka a wani shagon romo a wannan unguwa. Duk Juma'a wani mai gyaran agogo yakan zo da 'yarsa. Yarinyar, Shulan ke nan, ba ta da haƙuri, manya-manya take yagawa, mai dahuwa kuma mutum ne mai baƙin baki, yakan ɗaga kwanon ya nuna wa duk kicin, a yi ta dariya. Sai Kaka ya riƙa tsayawa a bayan labule da kwanonta, yana sake gutsuttsura mata da sauri kafin ya kai ciki. Bai taɓa ce mata uffan ba. Kusan shekara.

"To ta yaya ta sani?"

"Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni. Aka kawo mata abin da hannunta ya yi." Ya yi dariya har da tari. "Juma'ar da ta biyo, ta miƙo mini gurasar ɗungurungum, ba ta ko taɓa ta ba. Ta ce, tunda kai ne, ka hutar da ni."

"Shi ke nan?"

"Me kike so kuma? Doki?"

Har ta rasu ba ta ƙara gutsura gurasa da hannunta ba.

Na duba duk littattafan da na karanta a raina. Babu mai wannan.

Asabar, 19 ga Yuli, da safe

Mama ta kira. Na ce lafiya lau. Ba ƙarya ba ne, jiya lafiya lau ne.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan La'asar

Mun hau ganuwa ta Ƙofar Kudu. Shi ba a karɓi komai a hannunsa ba saboda shekarunsa, ya yi ta taƙama wai tsufa ya fara biyan sa. Saman ganuwar ya fi titin unguwarmu faɗi. 'Yan mata sun yi hayar tufafin matan sarakunan da, hannun riga har ƙasa, samarinsu suna durƙushe suna ɗaukar su hoto. Na so in gwada. Ban faɗa ba.

Muka ɗauki hayar keke mai mutum biyu, shi a gaba. Tubalin yana girgiza mu har haƙorana suna haɗuwa. Ya ce a zamaninsa nan duk rusau ne, mutane suna kwasar tubali suna gina ɗakin kaji, har awaki ake kiwo a kai. Muka kai wajen kusurwar yamma. Sannan ba tare da ya waiwayo ba ya ce, "Riƙe ni sosai, Shulan, kada ki faɗi."

Na riƙe rigarsa. Iska tana kaɗa jajayen fitilu. Na rufe ido na zama wata mai gajen haƙuri, wadda ake tsayawa a bayan labule dominta.

Ai ba cutar da kowa nake yi ba. Murna yake yi. Ni na ga fuskarsa.

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Sojojin yumɓu, waɗanda wani sarkin da ya sa aka binne kusa da kabarinsa. Mota muka shiga, doguwar tafiya, ga zafi, ga mutane kamar an yi shelar rabon kyauta. Sai da na yi ɗage kafin na hango su a ƙasan ramin, sahu-sahu, kowa da irin fuskarsa, hannuwansu a dunƙule a kan makaman da suka riga suka ruɓe.

Kaka ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Bayin Allah. Ba wanda ya gaya musu sarkin ya mutu. Suna nan suna jira."

Wajen fita cunkoso ya raba mu. Ba daɗewa, ɗan lokaci ne. Na same shi riƙe da hannun rigar wata mata mai farar hula, tana ta fizgewa, mijinta yana ɗaga murya. Kaka yana cewa, "Ina kika shiga? Ina kika shiga?" Na ba su haƙuri, na ce idonsa ne ba ya gani sosai. Ban saki hannunsa ba har muka shiga mota.

Mama ta kira. Na ba ta labarin dawakan yumɓu.

Alhamis, 24 ga Yuli, da rana

Ba mu fita ba. Ya yi ta tambaya ko an ba tattabaru ruwa.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan La'asar

Kusa da ƙofar da ake sayar da alƙaluman gashi da tawada akwai wani ɗan shago, wai shi gidan waya mai tafiyar hawainiya. Ka rubuta wasiƙa yau, su ajiye, su aika ranar da ka zaɓa, baɗi ko bayan shekara goma. Bangon duk 'yan akwatuna ne, kowane da watansa. Masoya ne suka cika wurin, suna rubutu suna kare takarda da hannu.

Kaka yana zaune a inuwa a waje yana kallon masu dara. Na shiga. Na rubuta wa Mama komai. Rufin ɗaki, ƙwai, keke, matar nan mai farar hula. Har da cewa ina amsawa. Bakina ba zai iya ba, amma hannuna bai ko tsaya ba.

Mai shagon, wata mai gashi shuɗi, tana taunar cingam, ta ce, "Yaushe za a kai, ƙanwata?"

Na ce baɗi war haka.

"Shekara guda? Kafin nan ai ya yi wata budurwar."

"Mamata ce."

"Au. To ita ba ta guduwa." Ta buga hatimi ta jefa a akwatin Yuli.

Na fito sakayau. Na faɗa ai. Ba wanda zai ce ban faɗa ba. Kuma Kaka zai ƙara shekara guda da tattabarunsa.

Litinin, 28 ga Yuli, da safe

Inna Yuhua ta ce, tana juya waina, "Jiya tsohon nan ya tambaye ni ko ni 'yar wace ce. Zolaya ko?"

Na ce zolaya ce, haka yake yi.

Ta dube ni ta gefen ido. Sai mai saye ya zo.

Talata, 29 ga Yuli

Shulan sau uku yau. Gara sau ɗaya.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan Magariba

Ruwa aka yi ta yi tun Azahar. Muna zaune bakin taga, rumfuna duk sun saki leda. Ya taje gemunsa da yatsu, ya gyara wuyan riga, yana ta satar kallona kamar yaro. Sannan a hankali ya ce:

"Gobe Juma'a. Za ki zo? Ko babanki yana da aiki?"

Ba a taɓa tambaya ta ko zan zo wani wuri da irin wannan fargabar ba. Kamar idan na ce a'a wani abu zai fashe.

Na ce, "Zan zo. Ka jira ni."

Ya yi murmushi ya kwanta. Ni ma na daɗe ina murmushi. Ina rubuta wannan ne don in tuna cewa na yi murmushi.

Juma'a, 1 ga Agusta, da hantsi

Ba ya ɗaki. Na sauka taya Inna wanke kanya, na dawo, ba ya nan. Wayarsa tana kan gado. Takalmansa na fita babu. Na ce wa Inna ya riga ni zuwa masallaci, zan bi shi.

Juma'ar dai, bayan La'asar

Dole in rubuta wannan.

Na fara da masallaci. Na tsaya a ƙofa har aka idar, fararen huluna suna ta fitowa, ina duba fuska ɗaya-ɗaya. Babu shi. Kaka bai taɓa rasa Juma'a ba, ko ranar da aka yi masa aikin ido sai da aka riƙe masa hannu ya je. A nan ne na tuna abin da na ce masa jiya.

Shagon da ya yi aiki babu shi, shi da kansa ya nuna mini wurin, rigunan waya ake sayarwa yanzu. Sai na bi shagunan romo, lungu-lungu. Ni da ba na iya tambayar malami izinin fita, yau na yi ta shiga cikin mutane ina cewa, kun ga wani tsoho mai farar hula da riga ruwan toka? Unguwar nan kowane tsoho farar hula gare shi. Wani ya ce, "'Yan mata, zaɓi ɗaya, ga su nan birjik." Na so in mare shi.

A wani ɗan shago can ƙarshen lungu na same shi, kusa da ƙofa, yana fuskantar titi. Kwano biyu a gabansa. Matar mai shagon ta tare ni.

"Naki ne? Alhamdu lillahi. Tun muna buɗewa yake nan. Na ce a kai masa ciki, ya ce a'a, wai tana zuwa. Dubi abin da ya yi wa gurasar, don Allah. Wannan ai ba ta dafuwa, kunu za ta zama."

Na duba. Ya gutsura, ya sake gutsurawa, ya sake, har ta zama gari. Bakin farcensa ya yi ja.

Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa. Ya ɗago. Na jira in ji wane suna zai fito, kuma Allah ya sani ban san wanda nake so ba.

Ya ce, "Gara."

"Na'am, Kaka."

"An yi Juma'a?"

"An yi."

Ya dubi kwanukan, ya dubi hannunsa. Ya ce, "Kakarki ta rasu, ko?"

"Eh."

"Na sani. Ni na sa ta a rami." Ya tura kwano ɗaya gefe da bayan hannu. "To wa ya ce mini za ta zo? Da kunnena na ji."

Da na yi shiru, da ya ɗauka kansa ne ya yi masa ƙarya. Na ga yana shirin ɗaukar hakan, yana shafa goshi.

Na ce, "Ni ce."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ba yau kika fara ba."

"A'a."

"Ina jin haka. Wani lokaci nakan farka in ga ke ce, sai in ji kunya in yi shiru." Ya share gari daga yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya. "Ki ji, 'yar nan. Idan na kira ta ba a amsa ba, nakan tuna a hankali, kamar mai saukowa daga tsani. Idan aka amsa, sai ta dawo da ranta. Sannan in sake binne ta. Kullum sabuwar jana'iza. Na gaji, Gara."

Na yi kuka a gaban mutane, da majina da komai. Matar shagon ta kawo sabuwar gurasa ba tare da an tambaye ta ba. Kaka ya turo mini ɗaya.

"Gutsura taki. Ni na yi ritaya."

Na yi ta yi da farce. Ya leƙa ya ce har yanzu tubali ne, amma ƙananan tubali.

A hanya ya ce, "Uwarki ta sani?" Na ce a'a. Ya ce, "Defu zai sayar da tattabaruna." Bai ce in faɗa ba, bai ce kada in faɗa ba. Kafin mu iso gida ya tambaye ni sau biyu ko an yi Juma'a.

Asabar, 2 ga Agusta, da rana

Na roƙi Inna ta bar Kaka ya zauna a rumfa yana miƙa mata takardar naɗe waina. Ta ce, "Na ga ranar da za ki buɗe baki ki roƙi abu." Ba ta tambayi dalili ba. Ta jawo masa kujera ta ciki, inda sai an wuce ta kafin a fita.

Na koma shagon wasiƙu. Mai gashi shuɗi ta gane ni.

"Ba a mayarwa, ƙanwata. Dokar gidan ke nan. Kowa ya yi nadama ya dawo, ai sai mu rufe."

Na ce ba fasawa na yi ba, shekara ce ta yi nisa.

Ta daina taunar cingam. Ta sauke akwatin Yuli ta zube a kan tebur, muka yi ta tonawa cikin wasiƙun masoya, masu zanen zuciya, masu turare. Tawa ce kaɗai farar ambulan ba ado. Ta miƙo mini ta ce, "Kuɗinki kam ya tafi." Na ce na yafe.

Na so in buɗe in cire wurin da na ce ina amsawa. Sauran ai ya isa. Na sa farce a bakin ambulan ɗin, sai na fasa. Idan zan tona asirinsa, sai in tona nawa.

Da yamma ya ce, "Shulan, rufe tagar nan." Na ciji leɓe. Na ƙirga numfashina. Na ce, "Kaka, Gara ce." Ya dube ni, goshinsa ya ɗaure a hankali. Ya ce, "To, Gara, rufe tagar." Na rufe. Ban san abu mai sauƙi zai yi ciwo haka ba.

Lahadi, 3 ga Agusta, tashar jirgi, da hantsi

Jirgin Mama ya makara. Ina zaune a kan dakali, ganuwa a bayana. Kaka yana rumfa wurin Inna.

Na yi ta shirya abin da zan roƙa. Kada a kai shi Yinchuan. Ya dawo gidanmu, in bar masa ɗakina in koma na Mama, ai gefen Baba a gadon babu kowa. Tattabaru a kawo ko guda shida ne, rufinmu zai ɗauka. Wataƙila Kawu ya ƙi. Wataƙila Mama ta dube ni irin kallon da take yi wa waya idan Baba ya kira. Ban sani ba. Ba ni ce mai yankewa ba, kuma na gane tun farko ba ni ba ce.

Littafin da na taho da shi yana cikin jaka, saura babi biyu, saurayin yana kan hanyar filin jirgin sama. Wasiƙar ba ta cikin jaka. Tana hannuna, don na san halina, idan ta shiga jaka ba za ta fito ba. Gumi ya fara jiƙa gefenta.

An yi shela. Mutane sun fara fitowa. Ga ta can da jan ɗankwalinta, tana ɗage tana neman mu biyu.

Kafin ta tambaye ni ina Kaka zan miƙa mata.